Tsohuwar Jif, Giyar Otomatik da Zafin Katsina

Ɗana, Allah ya sanya albarka a motar nan da ka saya, ya sa a kashe lafiya. Ina ganin ɗawainiyar da kake yi da ita. Ka yi juyen baƙin mai, ka sa sabbin tayoyi, ka kai an duba birki da ƙafafu, duk ka kyauta. Sai dai har yanzu ban ji ka ambaci giya ba, alhali ita ce ke kwantar da irin waɗannan motoci a garin nan. Ka tashi daga nan Ƙofar Marusa ka zaga garejoji, ka duba jif-jif ɗin da ƙura ta rufe, tayoyinsu sun sace, ka tambayi abin da ya ajiye su. Da yawa za a ce maka injin lafiya lau yake, giya ce ta ƙone, mai motar kuma ya rasa kuɗin wata.

Prado ɗinka ƙirar 90 ce, wadda Toyota ta yi daga 1996 zuwa 2002, ka ga ko autarsu ta haura shekara 20. Injinta mai silinda 6 da wuya ya ba ka kunya. Giyarta ma ta kamfanin Aisin ce na Japan, mai hawa huɗu, kuma tana cikin giyoyin otomatik masu ƙarko da aka taɓa sa wa jif. Tana jure kaya, tana jure gargada, amma ba ta jure zafi, mu kuwa a cikin zafi Allah ya ajiye mu.

Mu da muka tashi a zamanin Land Rover da Fijo 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, giyar hannu muka sani. A zuba mata mai kauri a manta da ita shekara da shekaru. In ta gaji za ta yi kuka, ta riƙa fitar da giya, ta ba ka wa'adi. Kanikawanmu da yawa a hannun masu wannan ilimi suka koyi aiki, kuma sun iya shi ƙwarai. Abin da ya rage shi ne otomatik wata halitta ce daban. A cikinta mai ne ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa tayoyi, shi ne ke matse farantan kuloci in za a canza giya, shi ne ke jiƙa ƙarafa, kuma shi ne ke kwaso zafi ya fitar da shi waje. In man nan ya lalace, duk waɗannan ayyuka tare suke lalacewa, kuma ba kuka za ka ji ba sai aikin gama ya gama.

Bari in nuna maka inda zafin yake fitowa, don in ka gane wannan sauran maganar za ta zo maka da sauƙi. Tsakanin injin da giya akwai wani dunƙulallen ƙarfe da ake kira kwanbata, cike da mai. A cikinsa akwai faifai biyu masu fikafikai suna fuskantar juna. Injin yana juya ɗaya, shi kuma yana watsa mai da ƙarfi, man ya bugi fikafikan na biyun ya juya shi, na biyun ya juya giya. Ƙarfe bai taɓa ƙarfe ba. Duk lokacin da ɓangaren injin ya fi ɓangaren giya gudu, wannan bambancin zafi yake komawa, kuma a cikin mai yake zama. Bambancin yana yin yawa wajen tashi daga tsaye, da cikin cunkoso, da hawan tudu, da jan kaya, ya fi yawa kuma a cikin yashi. In mota ta miƙe a kan kwalta ta kai gudun kilomita 70 ko 80, wani ƙaramin kuloci yana kulle faifan nan biyu su zama ɗaya, zafi ya sauka. Shi ya sa tafiyar kilomita 170 daga nan zuwa Kano ta fi wa giyarka sauƙi a kan rabin sa'a a cikin rairayin ƙauyukan Kaita ko Mashi da buhunan gero a baya. Mutane suna auna wahalar mota da nisan tafiya, ita kuwa giya da wannan bambancin gudu take auna tata.

Man giya ya fi son ya zauna a wajen digiri 80 na ma'aunin Salshiyas. Masu sana'ar gyaran giya suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 10 ko 11 a kan wannan yana cinye rabin kwanan mai. In ya haura 120, sai ya fara barin danƙo a jikin ƙananan bawul, robobin da ke riƙe matsin mai su ƙandare, matsi ya riƙa zurarewa, kuloci ya fara sulɓi, sulɓin kuma ya ƙara zafi a kan zafi. A wajen 150 farantan kuloci ƙonewa suke yi. Ka tuna a watan Afrilu ma'auni yana kai 40 a inuwa a nan Katsina, iskar da ke tashi daga kwalta ta fi haka, kuma da ita ake so a sanyaya komai.

Wata rana da safe, kafin rana ta ɗaga, ka ja birkin hannu, ka shimfiɗa kwali, ka shiga ƙarƙashin motar da tocila, injin a kashe kuma a sanyaye. A gefen giya za ka ga siraran bututun ƙarfe guda biyu sun fito, sun bi ta gefen injin sun yi gaba. Ka bi su da ido. A ƙarshensu akwai gajerun tiyo na roba da aka ɗaure da kilif a kan wasu kawuna biyu a ƙasan lagireto. A cikin tankin ƙasa na lagireton akwai wata 'yar kula rufaffiya, tana nutse a cikin ruwa. Mai yana shiga ta kai ɗaya da zafinsa, ya sauke wa ruwa, ya fita ta ɗayan ya koma giya. Ka ga ashe ruwan injin ne ke sanyaya giyarka. Wannan ita ce maganar da na fi so ka riƙe a duk abin da zan faɗa maka: wanda ya yi wasa da lagireto ya yi wasa da giya, ko da bai taɓa buɗe ta ba.

Tun da kana ƙarƙashi, ka shafa bututun nan da yatsa, musamman inda aka ɗaure su da jikin mota. Motocin da suka fito daga Turai sun sha gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara, kuma a waɗannan maɗaurai tsatsa take fara ci. Ka matsa tiyon roba ka ji. In ya ƙandare, ko ya kumbura, ko ya yi tsage-tsage a bakin kilif, kwanansa ya ƙare. Inda ka ga ƙura ta taru ta yi kauri ta yi baƙi-baƙi, ka goge, za ka sami jan mai a ƙasanta, yoyo ke nan. Kada ka raina shi. Famfon giya yana tura mai ta wannan hanya ba tsayawa muddin injin na aiki, kuma in tiyo ya fashe a kan hanya, cikin 'yan mintoci giya za ta bushe kana tafiya ba ka sani ba. In za a canza, a sa tiyon da aka yi don man giya. Na fetur da na ruwa suna narkewa daga ciki. A ɗaure da kilif na gaskiya, ban da waya, ban da robar taya.

Yanzu maganar ruwa. Ka san al'adarmu: lagireto ya nemi ruwa, a ɗauko na famfo ko na rijiya ko na leda a tuttula. In ka kawo zancen kulan, sai a ce ai na ƙasashen sanyi ne, don kada ruwa ya daskare. Wannan rabin aikinsa ne. Sauran rabin, wanda ya shafe mu, shi ne yana hana tsatsa da ci a cikin injin da lagireto, yana kuma ɗaga matakin da ruwa ke tafasa. Ruwan rijiya yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa a cikin siraran hanyoyin lagireto har su toshe, yana kuma cin ƙarfe a hankali. Bangon da ya raba man giya da ruwa a cikin 'yar kular nan siririn ƙarfe ne. Shekara ashirin yana shan zafi da girgiza, ga ruwa na cinsa, wata rana sai ya huje.

Ranar da ya huje, mai ya shiga ruwa, ruwa ya shiga mai. In ka buɗe murfin lagireto da safe za ka ga wani abu mai kauri launin shayi da madara, da ɗan ja-ja a cikinsa. Haka za ka gani a robar ajiyar ruwa, haka a sandar gejin giya, da kumfa. Abin da ke sa wannan ya zama masifa shi ne fatar farantan kuloci dangin takarda ce, an manne ta da gam a kan ƙarfe, ruwa kuma yana ɓamɓare ta. Wannan ba a nan kaɗai yake faruwa ba. A Amurka motocin Nissan ƙirar Pathfinder da Xterra da Frontier na 2005 zuwa 2010 sun yi suna da wannan matsala, har kamfanin ya tsawaita garantin lagireton. Masu 4Runner ta 1996 zuwa 2002, wadda injinta iri ɗaya ne da naka, su ma sun san ta in lagireto ya tsufa. In Allah ya ƙaddara ka ga wannan launi, kada ka tada motar, ko da garejin yana bayan layi ne. A ɗauke ta a kai. Wanda ya tsaya nan take wani lokaci yakan tsira da sabon lagireto da wanke giya sau da yawa. Wanda ya ce bari in lallaɓa gida yakan sayi giya.

Saboda haka shawarata, in ba ka san shekarun lagireton da ke motar ba, ka ɗauka na asali ne ka canza shi tun yana aiki. Ka dubi tankin sama na roba. Sabo baƙi ne wuluk. In ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, robar ta dahu, kuma abin da ke cikin tankin ƙasa sa'anta ne. Kada ka sayi na Beljiyam, don shekarunsu ɗaya da wanda za ka cire. Ka nemi sabo na kamfanin da aka sani, irin Denso ko Koyo, ko da sai an je Ƙofar Ruwa a Kano an tona. Ka tabbata kuma na otomatik ne, mai kawuna biyu a ƙasa. Ana sayar wa mutane na giyar hannu don ya fi sauƙin kuɗi, bakanike ya rasa inda zai sa bututun nan biyu, sai ya haɗe su da guntun tiyo ya ce an gama. Mota za ta tashi ta yi tafiya, amma daga ranar mai yana zagayawa ne da zafinsa ba inda zai sauke.

Lagireto mai kyau ma sai da iska. A gabansa akwai kwandensar iyakwandishan, kuma tsakanin su biyun akwai wani ɗan rata da ido ba ya gani daga waje. A nan ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa da gashin kaji da guntayen leda suke taruwa, taɓon damina ya manne su, ƙurar hunturu ta cike sauran gurbin. Da dare ka haska tocila ta bayan lagireto daga wajen injin, wani ya tsaya a gaba ya gani ko haske na ratsowa. In ba ya ratsowa, iska ma ba ta ratsawa. A kwance maɗauran sama, a ɗan karkato lagireton baya, a wanke da ruwa mai laushi daga baya zuwa gaba. Ka hana yaran wankin mota su kafa mashi bakin injin wanki, don ƙarfin ruwan yana kwantar da siraran fikafikan, su rufe hanyar iska gaba ɗaya. Sau biyu a shekara ya isa, bayan kaka da kuma ƙarshen hunturu kafin bazara ta kama.

Fankar motarka ba ta lantarki ba ce, bel ne ke juya ta, kuma a tsakiyarta akwai kuloci mai wani mai na silikon da ke kamawa in iskar da ta ratso lagireto ta yi zafi. Da safe in ka tada mota za ka ji fanka ta yi gurnani na ɗan lokaci sannan ta yi shiru, wannan daidai ne. In mota ta yi zafi sosai ya kamata gurnanin ya dawo. In ka dawo daga tafiya da rana tsaka, ka kashe injin, ka tura fankar da hannu ta yi ta juyawa sakayau, kulocin ya mutu. Alamarsa ita ce geji yana hawa a cikin cunkoson Ƙofar Ƙaura ko bakin kasuwa, ya sauka in ka hau titi. Robar da ta kewaye fanka ma kada a jefar da ita don ta tsage. Ita ce ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto maimakon ta gefe. Tamostat kuma a bar shi a wurinsa. Cire shi ɓoye ciwo ne, kuma a injuna da yawa shi ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma injin ba tare da ya ratsa lagireto ba.

Duba man giya yana da ƙa'idarsa, kuma ba irin ta baƙin mai ba ce. Ka yi tafiyar minti 15 ko 20 mota ta ɗauki zafinta. Ka tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe, ka bar injin yana aiki, ka taka birki, ka bi da sandar giya ta kowane gida daga P har L kana ɗan dakatawa, ka dawo P. Sannan ka zaro sandar geji, ka goge da tsumma mai tsabta marar zare, ka mayar har ƙarshe, ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomin da aka rubuta HOT. In ya yi ƙasa, famfo zai sha iska. In ya wuce, ƙarafan da ke juyawa za su kaɗa shi ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi, ba ta ɗaukar zafi. Don haka in za ka ƙara, kaɗan-kaɗan da mazurari, kana aunawa.

Ka ɗiga ɗigo ɗaya a kan farar takarda ka kai haske. Sabon mai ja ne garau, kana hango takardar ta cikinsa. In ya koma ja mai duhu ko ruwan ƙasa mai haske, ya yi aiki amma da sauransa. In ya yi duhu sosai, lokacin juye ya yi. Sannan ka kai hanci. Lafiyayyen mai yana da ɗan ƙanshin mai kawai. In ka ji ƙauri, ka murza a yatsa ka ji kamar da gari-gari a ciki, to fatar kuloci ce ke yawo a cikin man, ɓarna ta fara. Ka mayar da wannan dubawa al'ada duk wata, da kuma bayan kowace tafiya mai yashi.

In ka je sayen mai, mai shago zai ce maka duk ja ne, duk ɗaya ne. Jan rini ne kawai aka sa don a bambanta shi da baƙin mai. Ka duba jikin sandar gejinka, Toyota takan buga sunan man a kanta. Irin taka Dexron II ko III take sha, daga jerin ma'aunin da kamfanin General Motors ya fara fitarwa a 1967. Motocin Toyota na baya-bayan nan wasu T-IV suke so, wasu WS. Pajero ta shekarar 2000 zuwa sama SP-III take so, Nissan kuma tana da nata Matic. Kowanne da yadda yake sa kuloci ya kama. Man giyar CVT dabam ne, mai kaurin da ake zuba wa aksul dabam ne, kada ɗayansu ya kusanci giyarka. Ka saya a rufe da hatiminsa a wurin da ka amince, ban da na jarka a bakin titi, don jabu ya yi yawa, kuma araha ba ta ado.

Wajen juye akwai abin da ba kowa ya sani ba. Giyarka da kwanbata da bututu suna ɗauke da fiye da lita 10, amma in aka kwance noti aka zubar, abin da ke fita bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, sauran yana maƙale a kwanbata. Juye ɗaya ke nan bai canza mai ba, sirkawa ya yi. Abin da nake so ka yi shi ne a zubar, a auna abin da ya fita, a mayar da sabo daidai da shi, ka yi tafiyar mako guda, a sake, har sau uku. In an ɗauka kashi ɗaya cikin uku ke fita kowane karo, bayan na ukun tsohon mai ya koma ƙasa da kashi 30 cikin 100, kuma an yi shi a hankali ba tare da an tayar da dattin da ya kwanta ba. A karon farko a sauke kwanon ƙasa gaba ɗaya. A cikinsa akwai ƙananan maganaɗisu. In ka ga laushin toka-toka a jikinsu, cin shekaru ne, a goge. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli ko baƙaƙen ɓawo, giya na neman likita. A wanke rariyar da ke tace man ko a canza ta. Wajen mayar da kwano ka tsaya a kan bakanike kada ya lafta gam, don abin da ya matso ta ciki yana gutsurewa ya toshe rariya. Kuma kada a yi wannan aiki a fili ranar da iska ke kwasar yashi. Daga nan, a irin ƙasarmu da irin aikin da za ka sa ta, ni dai kilomita 40,000 ko shekara biyu nake ba da shawara, duk wanda ya riga.

Za ka ji masu cewa ba a taɓa man giyar otomatik, wai da an canza take mutuwa, har su ba ka labarin wane. Labarin gaskiya ne, fassarar ce ba daidai ba. Mutum ba ya tuna man giya sai ta fara sulɓi ko jinkirin shiga. A lokacin kuloci ya riga ya cinye, garin fatarsa da ke cikin tsohon man ne ke ɗan taimaka mashi ya kama. An zuba sabo, garin ya tafi, ciwon ya fito fili. Giyar da ke shiga lafiya, manta kuma ba ya ƙauri, sabon mai alheri ne gare ta.

Tun da na san gonarka da irin hanyarta, kuma na san za ka riƙa bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta Daura da Kongolam zuwa Damagaram, ina ganin ka ƙara mata kula ta waje. Wasu Prado suna zuwa da ita, ka leƙa ta bayan ragar gaba, in ka ga wani ƙaramin lagireto a gaban kwandensa da tiyo biyu, ita ce. In babu, a sa. Tsarin da na fi yarda da shi shi ne mai ya fito daga giya, ya bi ta lagireto, sannan ya shiga kular waje, sannan ya koma. A gane bututun komawa kafin a yanka komai, a cire tiyo ɗaya a sa a gora, a tada injin na daƙiƙa biyu ko uku a ga ta inda mai ke fitowa. Akwai masu raba giya da lagireto kwata-kwata su dogara da kular waje kaɗai, don gudun haɗuwar ruwa da mai. Hujjarsu tana da ƙarfi, kuma sanyin hunturunmu bai kai ya hana mai ɗumama ba. Abin da ya sa ban bi su ba shi ne, lokacin da giya ta fi zafi, wato kana rarrafe a cikin yashi, lokacin ne iska ta fi ƙaranci a gaban mota, ruwa kuwa yana aikinsa ko mota na gudu ko tana tsaye. In dole ta sa aka raba, to kular ta zama babba, da fankarta ta lantarki. A ɗaure ta da ƙarfe, a kauce wa duk inda tiyo zai goga da kaifi, a kuma ƙara mai daidai da abin da ta sha. In da hali, rewaya ya sa maka gejin zafin man giya a gaban sitiyari, ka riƙa gani da idonka abin da ƙafarka ke jawowa.

Don ƙafar ma tana da nata kason, kuma shi kyauta ne. Kafin ka shiga yashi ka tsaya ka rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20, ka sa oksilari ta ƙasa tun ba ka kafe ba. Direbobi da yawa suna jin sa oksilari kamar gazawa ce, su bar mota a D su danne totur, injin na kururuwa, mota na jan ciki, kwanbata na dafa mai. Oksilari tana ninka ƙarfin da ke zuwa taya fiye da sau biyu, sai kwanbata ta huta. In ka kafe, ka sauka ka tone, ka sa itace ko faranti, kada ka yi ta wurga giya tsakanin D da R tayoyi na juyawa. In kana da kaya ko kana jan tirela, ka ji giya na kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu, ka danna maɓallin O/D ta zauna a ta uku. A kan tudu ka riƙe mota da birki, ban da totur. In ka fito kwalta, ka mayar da iskar taya kafin ka yi gudu.

Akwai fitila a gabanka mai rubutun A/T OIL TEMP. Duk lokacin da ka murɗa makulli kafin injin ya tashi ka tabbata ta kama tare da sauran, don akwai masu cire ƙwan kafin su sayar da mota. Ba ta kamawa sai mai ya kai wajen 150, wato ya riga ya shiga haɗari. In ta kama, ka sauka gefe, ka sa P, ka bar injin yana aiki a hankali har ta mutu. Kada ka kashe, don da ka kashe famfo ya tsaya, man ya zauna da zafinsa a inda yake. Na san a zamanin nan akwai hanyoyin da ba a son la'asar ta yi wa mutum a tsaye, kuma ranka ya fi giya. In wurin ba na tsayawa ba ne, ka rage gudu da nauyin ƙafa, ka kashe iyakwandishan, ka kai gari mafi kusa ka tsaya a can. Bayan ka dawo a yi juye, ko da man sabo ne. In kuma mota ta mutu sai an ja, a ɗora ta a kan babbar mota, ko a kwance farfela, don jan otomatik mai nisa da injin a kashe yana juya ƙarafan giya ba mai.

In kuwa duk da haka wata rana giyar ta ƙare, shekaru suna da nasu haƙƙi, za ka nemo ta Beljiyam daga Ƙofar Ruwa ko Ladipo a Legas. Kafin a ɗaura ta, ka sa a wanke bututun nan biyu har sai abin da ke fita ya zama fes, a canza lagireto, kular waje ma a canza ta in giyar ta mutu da ɓarɓashin ƙarfe, don wanki ba ya fitar da abin da ya maƙale a siraran hanyoyinta. Duk dattin tsohuwar giya yana kwance a can, kuma da an tada injin zai wuce kai tsaye cikin wadda ka saya. Kwanbatar da ta zo da sabuwar ita za a sa, ban da tsohuwar. Ka sa a sauke kwanon ta Beljiyam ɗin a gabanka tun tana ƙasa, ka ga maganaɗisunta, ka shaƙi manta, kafin ka biya cikon kuɗi.